Mai Keke Da Jar Danja: Me Yasa Rigimar Taƙi Ƙarewa A Manyan Birane?

A biranen Turai da Amurka akwai wata rigimar titi da taƙi ci taƙi cinyewa, wato ta mai keke da jar danja. Direban mota na tsaye yana jiran wuta ta bashi hannu, kawai sai yaga wani akan keke ya sulale ta gefensa ya wuce abinsa kamar danjar ba dashi take ba, shikenan ran direba ya ɓaci har yaje gida yana mita. Shi kuma mai keken in ka tare shi cewa zai yi ai ransa yake karewa. Mai tafiya a ƙafa yana gefe yana tsine musu su duka biyun. Keken da nake nufi anan na feda ne da ƙaninsa mai batir, ba adaidaita sahu ba.

Ni a ganina abinda ya hana maganar nan mutuwa shine abu biyu ne mabambanta ake kira da suna ɗaya. Akwai wanda ya iso danja ya taka burki, ya duba hagu da dama, yaga ba kowa ba komai, ya lallaɓa ya wuce. Akwai kuma wanda ya taho a guje, mutane na tsakiyar tsallaka titi ya kutsa ta cikinsu yana kaɗa ƙararrawa, kai wani ma ko ƙararrawar babu. A takardar doka ta yawancin ƙasashe laifinsu ɗaya, tararsu ɗaya, amma duk mai ido yasan ba ɗaya bane. Masu kare 'yan keke in suna magana na farkon suke hangowa, masu zaginsu kuma na biyun ne a ransu, toh kaga ta yaya za'a daidaita?

Bari mu fara da tambayar da kowa ke ganin yasan amsarta, wai shin masu keke sun fi kowa karya doka ne? A 2007 hukumar sufuri ta Landan ta sa aka ƙirga masu keke a wasu mahaɗu biyar, aka samu kusan kashi 16 cikin ɗari ne suka keta ja, sauran sun tsaya. A Denmark kuma a 2019 anyi wani bincike da kyamara, aka kalli masu keke sama da dubu 28, inda akwai hanyar keke ta musamman waɗanda suka karya doka basu kai kashi 5 ba, inda babu kuwa abin ya haura zuwa kashi 14. Direbobin mota a ƙasar, kusan biyu cikin uku aka samu suna karya doka, mafi yawa gudun wuce ƙa'ida. Wannan ba wanke 'yan keke bane, kashi 16 ba kaɗan bane ai, kuma Landan ta yau ba ta 2007 bace. Amma akwai abin lura anan: laifin mai keke a fili yake, yana yinsa a gaban layin motocin da suka tsaya cak, kowa na kallonsa. Direban da ke kilomita 60 a titin da aka ce 50 kuwa ba wanda zai nuna shi da yatsa, don na gabansa da na bayansa duk haka suke yi. Shi yasa in ka tambayi mutane sai suce duk masu keke basa tsayawa, alhali waɗanda suka tsaya ne kawai ba'a ganinsu.

Toh me yasa wanda ke ketawa yake ketawa? Wasu rashin kunya ce kawai da gaggawa, wannan ba sai an yi dogon bayani ba. Sauran dalilan sune masu ɗan nauyi.

Na farko dai ƙarfin jiki. Mai mota in ya tsaya ya tashi ba abinda ya rage masa sai ɗan fetur, ƙafarsa ce kawai ta matsa daga burki zuwa totur. Mai keke injinsa cinyarsa ce, mutum na yau da kullum abinda yake iya fitarwa a tafiya mai nisa bai fi wat (ma'aunin ƙarfin inji) ɗari da ɗoriya ba, injin ƙaramar mota kuwa dubban wat yake bayarwa. Duk tsayawa ɗaya na nufin gudun da ya tara ya zube, sai ya sake ɗagowa daga sifili, ga keken na tangal-tangal a taku biyu ukun farko kafin ya miƙe. In a hanyar mutum zuwa aiki akwai danja goma sha biyar ka lissafa da kanka. Wannan dalilin bai isa uzuri ba, gajiya bata halatta ka taka wani, amma yana bayyana me yasa ko mutumin kirki in ya hau keke yake jin tsayawa a mahaɗar da ba kowa kamar horo.

Na biyu shine wanda ya fi bani tsoro, kuma shine direbobi basu cika sani ba. A Landan hannun hagu ake bi, mai keke yana rakuɓe a gefen hagu kusa da dakalin masu ƙafa. Ya zo danja ya tsaya kamar yadda doka tace, sai ga gingimari ko tifar masu gini ta zo ta tsaya a damansa. Direban yana can sama, madubinsa baya kamo abinda ke ƙasan ƙofar hagu. Wuta ta bada hannu, su biyun suka tashi tare, mai keke zai miƙe, babbar mota zata karya hagu, kuma doguwar mota in zata karya kwana sai ta ɗan buɗe dama tukun sannan ta naɗo, tayoyin baya su share duk abinda ke lungun. Haka masu keke da yawa suka mutu a Landan, kuma abin da ya ɗaure wa mutane kai shine mata sun yi yawa a cikin waɗanda manyan motoci suka kashe in aka kwatanta da adadinsu a cikin masu hawa keken. Wani rahoton cikin gida na hukumar sufurin da ya fita a jarida a 2007 ya kawo hasashen cewa wataƙila don mata sun fi tsayawa a danja ne, sai tashin ya same su a daidai inda direba baya gani. Hasashe ne fa, ba hukunci ba, amma ka duba yadda abin yake: mai bin doka sau da ƙafa yana iya zama shine a bakin haɗari. Shi yasa wasu masu keken ke tashi daƙiƙa biyu uku kafin kore ta kama, don su fita daga gefen motar su shiga gabanta inda za'a gansu. Daga baya Landan ta kawo dokar da ta tilasta wa manyan motoci masu nauyin sama da tan 12 su cika sharaɗin gani kafin su shiga gari, aka fara aiki da ita a 2021, ga kuma ɗan filin da ake zanawa a gaban layin motoci don keke ya tsaya a gaba. Wato hukuma da kanta ta yarda matsalar gaskiya ce.

Akwai kuma wani ƙaramin abu na ban haushi. Danja da yawa a can ba da agogo kawai suke aiki ba, akwai waya da aka binne a ƙarƙashin kwalta mai jin ƙarfe, in mota ta tsaya a kai sai ta sanar da na'ura cewa akwai mai jira. Keke ƙarfensa kaɗan ne, wani ma ba na ƙarfe bane, sai mutum ya tsaya tsakar dare shi kaɗai wutar taƙi canzawa har sai wata mota ta zo ta cece shi. Jihohin Amurka da dama sai da suka yi dokar da ta ba mai babur ko keke damar wucewa in ya jira danjar taƙi ganinsa.

Duk wannan yana komawa ga asali ɗaya, ita danja ba don keke aka ƙirƙiro ta ba. Ta farko a Landan aka kafa ta a 1868 kusa da majalisa, da gas take aiki, don kekunan doki, bata daɗe ba ta fashe ta ji wa ɗan sandan da ke kula da ita ciwo. Ta lantarki ta bayyana a Cleveland ta Amurka a 1914 lokacin da motoci suka fara cika gari. Tsawon ja, tsawon kore, jerin yadda ɗaya ke bin ɗaya a dogon titi, duk an auna su ne da gudun mota da nauyin mota da kuma cewa direba na cikin akwatin gilashi baya ji sosai baya gani sosai. Mai keke yana tafe a hankali, kansa a sama da rufin yawancin ƙananan motoci, kunnensa a buɗe, kuma in yayi kuskure jikinsa ne zai biya. Sai aka ɗauko dokar wancan aka ɗora masa gaba ɗaya.

Jihar Idaho a Amurka ita ta fara cewa bari mu raba. Tun 1982 ta sassauta wa masu keke, kuma ba wai don son keke bane ma, kotuna ne suka gaji da ƙananan ƙararraki irin na wane bai sa ƙafa a ƙasa ba a allon tsayawa. Yadda dokar take a yanzu, in mai keke ya zo allon da aka rubuta tsaya, zai rage gudu ya duba, in akwai mai hannu ya bari ya wuce, in babu ya wuce ba sai ya tsaya cak ba. In kuma jar danja ce dole ya tsaya cak tukun, sannan in hanya ta yi fili ya tafi ba sai ya jira kore ba. Ka lura da kyau, ba a bashi hannu ba. Hannu na nan wurin mai kore da mai tafiya a ƙafa, in ya shiga aka yi karo laifinsa ne ɗari bisa ɗari. Shekara 35 Idaho na ita kaɗai, sai a 2017 Delaware ta ɗauki rabin dokar, ɓangaren allon tsayawa, Arkansas ta ɗauka duka a 2019, Oregon da Washington suka biyo da rabin a 2020, Colorado ta ɗauka duka a 2022. A Delaware alƙaluman da aka fitar sun nuna haɗarin keke a mahaɗu masu allon tsayawa ya ragu da kashi 23 a wata 30 na farko. Jiha ce ƙarama, lambobin ba yawa, ni bazan ce dokar ce kaɗai ta jawo ragin ba, amma dai zubar jinin da aka yi ta tsoro bai faru ba. Duk da haka a California majalisa ta amince da irinta a 2021 gwamna Gavin Newsom yaƙi sa hannu, yace yana jin tsoro musamman saboda yara, don yaro bai iya auna gudun motar da ke tahowa kamar babba ba. Kuma gaskiya wannan magana ce, ba'a ture ta da hannu ɗaya.

Tsarin Faransa ni ya fi kwanta min. Su basu ce ko'ina ba, mahaɗa-mahaɗa suke bi. Tun 2012 doka ta ba magadan gari dama su maƙala wani ɗan allo a jikin sandar danja, mai kusurwa uku kansa a ƙasa, bakinsa ja, a ciki hoton keke ruwan ɗorawa da kibiya. In kibiyar ta nuna dama, mai keke na iya karya dama ko da ja ce, in ta nuna gaba yana iya miƙewa, galibi a mahaɗar da ba titin da zai yanko masa ta gefensa. Sharaɗin dai shine masu ƙafa da masu kore su ne gaba. Paris ta baza allunan nan a 2015 a mahaɗu kusan 1,800. Inda babu allon kuwa ja ja ce, in aka kama ka tarar yuro 135 ce. Beljiyam na da irinsa, Holan ta daɗe da nata, Jamus ta kawo koriyar kibiya ta masu keke a 2020. Amfanin wannan shine ɗan sanda ya daina ɓata lokaci akan wanda bai cutar da kowa ba, kuma mai keke ya rasa bakin cewa dokar bata da ma'ana, tunda inda bata da ma'anar an cire ta.

Su Holan da Denmark ma ta wata hanyar suka bi, suka gyara titin kansa. A Kopenhagen akwai titunan da aka jera danjojinsu akan gudun kilomita 20 a awa, in ka riƙe wannan gudun da safe zaka yi ta samun kore har cikin gari, kaga wanda baya haɗuwa da ja me zai keta? Har ɗan ƙarfen ɗora ƙafa suke sawa a bakin danja don mai jira kada ya sauka daga sirdi. A Amsterdam a 2016 an gwada kashe danjar wata mahaɗa mai cunkoson kekuna gaba ɗaya, Alexanderplein, aka ga mutane sun koma kallon juna suna rage gudu, daga baya aka cire ta.

Yanzu ɓangaren da masu keke basa son ji. Duk hujjar da suke kafawa akan mota, cewa mai ƙarfi ya kula da mara ƙarfi, tana juyowa kansu in aka zo kan mai ƙafa. Tsohuwa mai sanda, makaho da ke dogara da ƙarar danja don yasan lokacin tsallakawa, uwa mai tura yaro, su kore ɗin nan alƙawari ce aka yi musu cewa ba abinda zai taho. Keke baya ƙara, ba'a jin tahowarsa. Ko bai taɓa mutum ba, in ya wuce ta gaban hancinsa ya bar shi da faɗuwar gaba, kuma wannan baya shiga kowane lissafin haɗari, tsoho dai kawai zai rage fita. Gaskiya ne motoci ke kashe mafi yawan masu ƙafa nesa ba kusa ba, amma keke ma yana kisa. A 2016 wani matashi a Landan akan keken da ba burkin gaba ya buge wata mata tana tsallaka titi ta rasu, da aka zo shari'a sai da aka koma wata dokar 1861 ta zamanin keken doki kafin a same shi da laifi, aka ɗaure shi wata 18. A 2022 Birtaniya ta sake ƙa'idojin hanya ta jera masu amfani da titi bisa wanda ya fi iya cutarwa, babbar mota a sama wajen nauyin kula, mai ƙafa a ƙasa, mai keke kuma an ce masa kai ma akwai na ƙasa da kai.

Duk lokacin da aka yi irin wannan sai kaji ance a sa wa kekuna lamba a basu lasisi. Dattijanmu zasu tuna zamanin da ake yankar lambar keke a wurin En'e, toh ba sabon tunani bane. Toronto ta Kanada ta yi daga 1935 ta soke a 1957, Suwizalan ta daina tata alamar keken daga 2012, ita Suwizalan dalilinta dai kuɗin gudanarwa ya fi amfanin. Kuma motoci ai duk da lambarsu suke gudun wuce sa'a. Japan ta ɗauki hanyar tara kai tsaye, dokar da aka tsara ta fara aiki daga 1 ga Afrilun 2026 tace ɗan shekara 16 zuwa sama in ya keta danja akan keke yen 6,000, in yana latsa waya yen 12,000.

Wani zai ce toh mu ma a kawo irin na Idaho Kano ko Kaduna mana. Ni dai a'a. Wancan sassaucin yana tsaye ne akan cewa motoci suna tsayawa a ja har mai keke zai iya lissafin daga ina haɗari zai fito. Inda mai adaidaita da mai babur da mai jif duk sai sun ga ɗan KAROTA ko yalo fifa kafin su taka burki, wani lokacin ma danjar ba wuta, mai keken feda shine mafi ƙarancin matsalar mahaɗar, kuma shine ya fi kowa buƙatar ja ta zama ja.

Abinda ya sake dagula lissafin a can kuma shine keke mai batir. Duk hujjar gajiyar cinya ta faɗi tunda inji ke turawa. A Birtaniya da Tarayyar Turai wanda doka ta ɗauka a matsayin keke shine mai injin wat 250 da ke daina taimako a kilomita 25 a awa, amma tituna cike suke da waɗanda aka yi wa gyaran hannu suna gudun babur, ga nauyi, kuma da yawansu a hannun masu kai saƙon abinci suke. A New York masu wannan aikin dubbai ne, akasari baƙi 'yan ci-rani daga Latin Amurka da Asiya da Afirka ta Yamma, suna wa su DoorDash da Uber Eats da Grubhub aiki, manhaja na ƙirga musu minti, mai oda na jira zai basu tauraro ko ya hana. Mutumin da abincinsa ya dogara da yawan saƙon da ya kai a awa, ka ce masa ya tsaya a danja arba'in, toh zai tsaya a wasu. A ƙarshen Afrilun 2025 'yan sandan birnin suka fara ba masu keke sammacin kotun laifuka akan keta danja da makamantansu a maimakon takardar tara, abinda ya jawo surutu sosai, don direban mota da yayi laifin iri ɗaya takardar tara kawai ake bashi, shi kuwa mai keke a lokacin sai ya bar aiki ya je gaban alƙali, in kuma takardun zamansa basu cika ba tsoron ya wuce na tara. Wani abin dariyar ma tun ƙarshen 2019 dokar birnin ta halatta wa mai keke ya tashi tare da alamar masu ƙafa, wadda ke kamawa 'yan daƙiƙu kafin koren motoci, sai gashi ana samun waɗanda aka rubuta wa takarda akan abinda doka ta yarda dashi, don a idon mai kallo daga gefe ja suka keta.

Birnin ya sa wa masu kai saƙon mafi ƙarancin albashi na dala 17.96 a awa daga Disambar 2023, wanda ko ba komai yana rage wa mutum dalilin yin tsere da agogo, sannan a 2025 aka ƙayyade gudun keke mai batir a mil 15 a awa. Amma har yanzu in an kama, mai keken ne ke tsayawa gaban ɗan sanda shi kaɗai, kamfanin da manhajarsa ta auna masa minti goma sha biyu a tafiyar minti ashirin ba ya cikin takardar da ake rubuta masa.